Gudun Mata a Ƙasar Malabar da Zamanin P. T. Usha

A kudu maso yammacin Indiya, tsakanin jerin duwatsun da ake kira Ghats da gaɓar Tekun Larabawa, akwai wata siririyar ƙasa mai yawan ruwan sama da itatuwan kwakwa, wadda fataken Larabawa suka sani tun ƙarnoni masu nisa da sunan Malabar, domin can suke kai jiragensu su yi awon masoro da citta. Ibn Battuta ya sauka a birninta na Kalikut a ƙarni na 14, kuma a gaɓarta ne Vasco da Gama ya iso da jiragen Fotugal a shekarar 1498. A 1956, sa'ad da hukumar Indiya ta sake yanka jihohinta bisa ga harsunan jama'a, sai aka haɗa Malabar da tsofaffin masarautun Travancore da Cochin, aka yi jiha guda ta masu magana da harshen Malayalam, aka raɗa mata suna Kerala. Ma'abuta tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan fataucin wannan ƙasa da addinanta da siyasarta, amma akwai wata sana'a da ta tsiro a cikinta a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, wadda ta cancanci a tsaya a kanta da natsuwa, ita ce sana'ar gudu a tsakanin 'yan mata.

Na kira ta sana'a da gangan, domin kuwa a wurin iyalan da suka ba da 'ya'yansu gare ta hanyar cin abinci ce, kamar saƙa ko su. Sababin haka yana da rassa. Na farko dai, mutanen Kerala sun riga mafi yawan Indiya sa 'ya'ya mata a makaranta, saboda sarakunan Travancore da Cochin da kuma 'yan mishan sun buɗe makarantu tun cikin ƙarni na 19, har ya zamana yarinya ta fita da safe da littafinta ba abin mamaki ba ne ko a ƙauye. Inda kuwa aka sami makaranta, to, za a sami fili, inda aka sami fili za a sami ranar wasanni da malami mai riƙe da usur. Sa'an nan kuma hukumar Indiya ta ɗauki wata al'ada, wadda har yanzu tana nan, ta keɓe guraben aiki ga gwanayen wasa a ma'aikatar jirgin ƙasa da rundunar 'yan sanda da bankunan gwamnati. Saboda haka uba talaka, wanda ba shi da gona mai faɗi balle dukiyar da zai aurar da 'yarsa da ita bisa ga al'adar ƙasarsu, in ya ga Allah ya yi wa yarinyar baiwar sauri, ya san cewa a ƙarshen wannan fili akwai albashi da gidan ma'aikata da fansho. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka shahararrun matan Kerala daga sama suka faɗo.

Kafin zamaninsu an yi waɗansu mata da suka share hanya, ko da yake ba daga Kerala suka fito ba. A gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, Nilima Ghose ta ƙasar Bengal, tana da shekara 17, ta yi tseren mita 100 da na tsallake shinge na mita 80, tare da ita kuma akwai Mary D'Souza. Ba su yi nisa a gasar ba, amma su ne farkon matan da suka yi gudu da sunan Indiya a wannan babban taro. Bayansu, a 1970, Kamaljeet Sandhu ta Punjab ta ci zinariya a tseren mita 400 a Gasar Asiya da aka yi a Bankok. Waɗannan duka ɗaiɗaiku ne, kowace ta haskaka a lokacinta ta wuce, ba ta bar makaranta ba.

An haifi Pilavullakandi Thekkeparambil Usha ranar 27 ga Yuni, 1964, a gundumar Kozhikode, watau Kalikut ta dā, ta kuma tashi a Payyoli, wani ƙaramin gari a bakin teku wanda layin dogo ya ratsa, inda mahaifinta yake da ɗan kantin sayar da yadi. A 1976 gwamnatin Kerala ta buɗe sashen koyar da wasanni na 'yan mata a garin Kannur, aka zaɓi yara daga gundumomi ana ba su wurin kwana da abinci da ɗan alawus, Usha tana cikin rukunin farko. A nan ne ta faɗa hannun O. M. Nambiar, mutumin wannan yanki nasu, wanda ya yi shekaru a rundunar sojan sama ta Indiya yana gudu da sunanta, bai kai ga matsayin da ya yi buri ba, sa'an nan ya tafi cibiyar koyar da wasanni ta Patiala ya karɓi shahadar horarwa, ya komo gida yana neman wanda zai zuba wa abin da ya tara. A 1978, a gasar matasa ta jihohi da aka yi a Kollam, yarinyar mai shekara 14 ta kwashe lambobi 6, huɗu daga ciki na zinariya, malamin kuwa ya tabbata ya sami abin da yake nema.

Abin da ya gudana tsakanin wannan malami da ɗalibarsa ya fi kama da zaman almajiri a zauren malaminsa, inda ba a ƙidaya sa'o'i ba a kuma sauya malami kowace shekara, fiye da yadda ya yi kama da horon zamanin yau; gama Nambiar ya lizimci ɗaliba guda fiye da shekara 10, yana bin ta gari gari da ƙasa ƙasa, yana kula da abincinta da barcinta da ciwonta, har mutane suka riƙa ambaton sunayensu tare. Ba su da filin roba irin na Turai. Abin da suke da shi shi ne rairayin bakin teku na Payyoli, inda yake sa ta gudu da asuba a cikin yashi mai nutsar da ƙafa, wani lokaci har cikin ruwa, masunta suna tsaye suna kallon wannan yarinya mai gajeren wando, abin da idonsu bai saba gani ba. Gudu a yashi yana ƙarfafa cinya da agara, yana kuma faɗaɗa numfashi, amma ba ya koyar da tashi daga wurin farawa ko ƙidayar taku, kuma za mu ga yadda falalar wannan tarbiyya da naƙasunta duka suka bayyana a rana guda. Lokacin da gwamnatin Indiya ta ƙirƙiro lambar girmama masu horarwa a 1985, ta sa mata sunan Dronacharya, malamin jarumai a tsohon labarinsu na Mahabharata, Nambiar yana cikin waɗanda aka fara bai wa.

An kai Usha Olamfik ta Mosko a 1980 tana da shekara 16, ta fita tun zagayen farko na mita 100. A 1982 aka yi Gasar Asiya a birnin Delhi, a shekarar da talabijin mai launi ya bazu a Indiya saboda wannan gasa, ta sami azurfa a mita 100 da mita 200, Lydia de Vega ta Filifin ce ta riga ta a gajeren tseren. A wannan gasa ɗin wata 'yar Kerala, M. D. Valsamma, ita ce ta ci zinariya a tsallake shinge na mita 400, kuma adalci ne a ambaci haka, domin ita ta fara nuna cewa mace 'yar Indiya za ta iya wannan tsere. A 1983 a Kuwaiti Usha ta ci zinariya a mita 400 a gasar zakarun Asiya. Daga nan malam da ɗaliba suka yi nazari, suka ga cewa a gajeren tsere ba za ta kamo matan Amurka da Turai ba, alhali kuwa tana da tsawo da faɗin taku da juriya, ga shi kuma an ba da sanarwa cewa a Olamfik ta Los Anjalas ta 1984 za a shigar da tsallake shinge na mita 400 na mata karo na farko, fage sabo wanda ba a riga an cika shi da gwanaye ba. Sai suka juya gare shi, saura watanni kaɗan.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan tsere yake, in ba haka ba ba zai gane girman abin da ya faru ba. Zagaye guda ne na fili, an jera shinge 10 a kan hanyar kowace mai gudu, tsayin kowanne santimita 76 da 'yan kai. Daga wurin tashi zuwa shinge na farko mita 45 ne, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 35, daga na ƙarshe zuwa layin gamawa mita 40. Sirrin aikin yana cikin ƙidaya, domin dole mai gudu ta san taku nawa za ta yi tsakanin shinge biyu, galibi 15 zuwa 17, ta yadda ƙafar da ta saba ɗagawa za ta iso daidai gaban shingen. Amma da yake gajiya tana rage faɗin taku, sai lissafin da ya yi daidai a shinge na 3 ya ɓaci a na 8, wadda ba ta ƙware ba kuwa sai ta yi ɗan tuntuɓe ko ta daddatsa takunta, a nan ne lokaci yake zubewa. Masana wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa ilimi ne da ba a samunsa sai da yawan maimaici a gaban abokan hamayya na gaske, shekara bayan shekara. Usha kuwa ta isa Los Anjalas ba ta yi wannan tsere a gasa ba sai 'yan lokuta ƙalilan.

Duk da haka ta zo ta ɗaya a zagayen kusa da na ƙarshe, ta riga Judi Brown ta Amurka, ta zama mace ta farko daga Indiya da ta kai zagayen ƙarshe na wani tsere a Olamfik. Ranar 8 ga Agusta, 1984, aka jera su takwas. Da aka harba bindiga ta tashi da kyau, sai aka maido su saboda 'yar Ostareliya, Debbie Flintoff, ta yi riga-malam-masallaci. A tashi na biyu kuwa ta yi nauyi, kamar yadda ita kanta ta sha faɗa daga baya, ta kasance a baya a farkon zagayen, sa'an nan ƙarfin da yashin Payyoli ya gina ya fara aiki, ta riƙa cim musu ɗaya bayan ɗaya har suka shigo miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe. Nawal El Moutawakel ta Maroko ta riga ta yi nisa, ta gama a daƙiƙa 54.61, Judi Brown ta biyo ta a 55.20, amma matsayi na uku ido bai iya rabewa ba, sai da aka duba hoton na'ura. Cristieana Cojocaru ta Romaniya, wadda ta san dabarar tura ƙirji gaba a kan layi, ta sami 55.41, Usha, wadda ta ƙetare layin a miƙe, ta sami 55.42. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne ya raba su, tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Mutanen Indiya sun ji zafin wannan ƙwarai, domin ya fama musu tsohon miki: a Roma a 1960 Milkha Singh shi ma na huɗu ya zo a mita 400, ga shi kuma a 1984 ƙasar gaba ɗaya ta komo gida ba ta da lamba ko guda, haka kuma aka yi a 1988 da 1992. Sai dai insafi ya wajabta a faɗi ɓangarori biyu. Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas sun ƙaurace wa wannan gasa, alhali a lokacin matansu ne suka fi kowa a wannan tsere, har wata 'yar Sobiyet ta kafa bajintar duniya da 53.58 a watan Yuni na wannan shekara. Da sun zo, da zagayen ƙarshe ya yi wuyar shiga ga kowa. A ɗaya ɓangaren kuma, yarinya ce mai shekara 20 wadda ba ta da likita nata ko masanin abinci, wadda ta ba da labari cewa abincin masaukin 'yan wasa bai karɓe ta ba, ta yi kwanaki tana rayuwa a kan kunun shinkafa da ɗan yaji mai tsami irin na ƙasarsu. A ra'ayina, wanda ya auna waɗannan duka zai ga cewa abin mamaki shi ne isarta wurin, kuma laifin rashin lambar yana wuyan hukumomin da suka tura ta yaƙi ba guzuri.

Ita kuwa wadda ta ci tseren, Nawal, ta zama mace ta farko daga Maroko, kuma ta farko daga ƙasashen Larabawa da na Musulmi, da ta ci zinariya a Olamfik, daga baya ta riƙe ministar wasanni a ƙasarta ta kuma hau manyan kujeru a Kwamitin Olamfik na Duniya. Tsere guda da bai kai minti ɗaya ba ya buɗe ƙofa a nahiyoyi biyu.

Shekaru biyun da suka biyo baya su ne ƙololuwar zamanin Usha, su ne kuma ya kamata a riƙa tunawa da ita da su. A Jakarta a 1985, a gasar zakarun Asiya, ta ci zinariya 5, a mita 100 da 200 da 400 da tsallake shinge da tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, ta ƙara da tagulla guda. Wanda ya san cewa kowane tsere yana da zagayen share fage kafin na ƙarshe, duka a cikin 'yan kwanaki, zai fahimci irin wahalar da jiki ya ɗauka. A wannan shekara aka ba ta lambar Padma Shri. A 1986, a Gasar Asiya ta Seoul a Koriya ta Kudu, Indiya mai ɗaruruwan miliyoyin jama'a ta sami zinariya 5 kacal, 4 daga ciki da ƙafar Usha aka same su, ta biyar kuwa ɗan kokawa Kartar Singh ne ya ci. A mita 100 kaɗai Lydia de Vega ta sake riga ta. A nan laƙabin da jaridu suka ba ta, Payyoli Express, ya zauna daram, suna kamanta ta da jirgin ƙasa mai sauri, ita kuwa daman ma'aikaciyar jirgin ƙasa ce. Ba ita kaɗai ba ce, kuma wannan shi ne hujjar cewa al'ada ce ta kafu: a tseren miƙa sanda tana tare da Valsamma da Vandana Rao ta Karnataka da Shiny Abraham, 'yar duwatsun Idukki, su huɗun nan kuwa sun riga sun kai zagayen ƙarshe a Los Anjalas. Shiny ta je Olamfik sau 4, a Basalona a 1992 kuma ita ce mace ta farko da ta riƙe tutar Indiya a gaban tawaga.

Sai jarrabawa ta zo. Kafin Olamfik ta 1988 ciwon diddige ya kama Usha, aka yi ta muhawara ko za ta je ko ba za ta je ba, ta je, ta fita tun zagayen farko. Jama'ar da suka ɗaga ta sama shekaru biyu da suka wuce suka juya da zargi da baƙar magana, kamar ita ta ɗora wa kanta ciwon. Wannan ɗabi'a ce ta al'ummar da ta rataya dukan burinta a wuyan mutum guda maimakon ta reni ɗari, kuma abin takaici ne. A wannan gasa Debbie Flintoff-King, wadda ta ɓata tashin farko a 1984, ita ta ci zinariyar tsallake shinge, da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a kan 'yar Sobiyet Tatyana Ledovskaya. Usha ta ba masu zarginta amsa a Delhi a 1989 da zinariya 4 da azurfa 2, ta sami azurfa 3 a Beijin a 1990, ta ajiye takalmi, ta yi aure a 1991, ta haifi ɗa. Sa'an nan ta komo fili, abin da ba a saba gani ga matar aure a ƙasarsu ba, ta sami azurfa a miƙa sanda a Hiroshima a 1994, a Fukuoka kuma a 1998, tana da shekara 34, tana cikin huɗun da suka ci zinariya a mita 100 sau huɗu. A 2000 ta yi sallama ta ƙarshe.

Abin da ta yi bayan haka shi ne ya bambanta ta da magabatanta. A 2002 ta buɗe makarantar horar da 'yan mata a Koyilandy, kusa da garinsu, daga baya aka mai da ita Kinalur, inda ake zaɓen yara ƙanana, galibi 'ya'yan talakawa, a ba su masauki da abinci da karatu da horo, bisa tsarin da ita ta taso a cikinsa amma da gyaran abubuwan da ta rasa. A 2017 aka buɗe wa makarantar filin roba. Mafi shahara cikin ɗalibanta ita ce Tintu Luka, 'yar gundumar Kannur, wadda ta kafa bajintar ƙasa a mita 800 a 2010 da minti 1 da daƙiƙa 59.17, ta karya wadda Shiny ta daɗe tana riƙe da ita, ta kuma sami azurfa a Gasar Asiya ta 2014. Ta haka silsila ta tabbata daga Nambiar zuwa Usha zuwa ɗalibanta. Kerala kuma ta ci gaba da fitar da waɗansu ta waɗansu hanyoyi, kamar K. M. Beenamol, da Anju Bobby George wadda ta sami tagulla a dogon tsalle a gasar duniya ta Faris a 2003. Nambiar ya rasu a watan Agusta na 2021, kwanaki kaɗan bayan Neeraj Chopra ya ci zinariya a jifan mashi a Tokiyo, lamba ta farko da Indiya mai 'yanci ta samu a guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik.

A watan Yuli na 2022 aka naɗa Usha 'yar majalisar dattawa ta Rajya Sabha, a watan Disamba kuma ta zama shugabar Hukumar Olamfik ta Indiya, mace ta farko a wannan kujera. Mulki kuwa wani fage ne dabam, kuma bai zo mata da sauƙi ba. A 2023, sa'ad da shahararrun 'yan kokawa, ciki har da Sakshi Malik da Vinesh Phogat, suka yi zaman dirshan a Delhi suna ƙarar shugaban ƙungiyarsu da cin zarafin mata, ta fara da cewa fita kan titi rashin ladabi ne mai ɓata sunan ƙasa, maganar da ta ɓata wa da yawa daga masoyanta rai, domin sun sa ran wadda ta ɗanɗana sakacin hukumomi za ta fi kowa saurin sauraron kukansu. Bayan 'yan kwanaki ta je wurinsu da kanta ta zauna da su. Ina ganin zuwan ya fi maganar farko dacewa da tarihinta.

Lokacin da ta yi a Los Anjalas, 55.42, ya zauna a matsayin bajintar ƙasa shekara 39 ba wadda ta kai shi, abin da yake shaida ga girmanta, yake kuma shaida ga jinkirin waɗanda alhakin renon wannan sana'a yake kansu. Sai a watan Oktoba na 2023, a Gasar Asiya ta Hangzhou a ƙasar Sin, Vithya Ramraj, 'yar Coimbatore ta jihar Tamil Nadu mai maƙwabtaka da Kerala, ta yi daidai da shi a zagayen share fage, washegari kuma ta sami tagulla a zagayen ƙarshe.